Abin da Bello Ke Yi da Zomaye a Jamus

Tun da na dawo daga Jamus ban ƙara cin abincin tara a natse a ofishin malamai ba. Da na buɗe kwano sai wata ta jawo kujera ta ce, "Malama Kulu, wai da gaske can ko maƙwabci ba ya gaida maƙwabci?" Wata kuma ta ce ta ji ƙanena ne ya ƙera maganin zuciya. Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Ran kasuwar da ta wuce wata mai sayar da daddawa a nan Tambuwal ta ba ni shi da kanta, a cikinsa har da inda na gaisa da shugaban ƙasarsu. Shi ya sa na ce gara in rubuta yadda aka yi, kowa ya karanta, ni kuma in ci abincina.

Bello shi ne autanmu. Ya tafi ne a shekarun da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa, lokacin da jiha ke kwasar duk yaron da ya ci jarrabawa tana tura shi waje karatu. Mahaifinmu, wanda ko mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, zauren karatu gare shi a Kebbe, kuma bai yarda da tafiyar ba sai da aka ce masa likita Bello zai zama. Abokan tafiyarsa duk suka dawo, wasu suka yi tumbi a sakatariya. Shi kuwa sau ɗaya ya zo, ya auri Rabi, ya ɗauke ta suka koma. Ana ce masa Dakta, amma a wancan zuwan da aka kai masa ɗan maƙwabcinmu mai ciwon kunne, cewa ya yi a kai yaron asibiti. Tun daga nan mutanen unguwa suka fara shakkar karatun.

Sai ga saƙo cewa Rabi ta sauka, an sami namiji, an sa masa sunan Malam. Inna ta ce ba ta taɓa jin inda mace ta haihu ba mai yi mata wankan jego ba, kuma tun da ni ce babba, ina jin Turanci, na kuma taɓa hawa jirgi zuwa Makka, ni zan tafi. Bello ya aiko da tikiti. Kafin in tashi Malam ya kira ni zaure. Hawan jini ya riga ya taɓa shi, hannunsa na hagu ba ya riƙe littafi sosai.

"Kulu, ki tafi ki gani da idonki," in ji shi. "In aiki shika yi mai amfanin mutane, ki faɗa min. In ko zama shika yi don daɗin ƙasar, ki ce mai ubanshi ya tsufa, shi taho gida."

Inna ba ta ba ni saƙon baki ba. Ita kaya ta haɗa: dunƙulen kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, surfaffen gero, yajin jego, tsamiya, ganyen darbejiya na wanka, kilishi, da ɗan turmi da taɓaryarsa. Na ce mata can ma akwai abinci. Ta ce ita ba ta tambaye ni ba.

Damina ce, kuma wanda ya san hanyar Kebbe zuwa Tambuwal da damina ba sai an yi masa bayani ba. Ba mu yi nisa ba a-kori-kurar ta nutse a caɓi. Maza suka sauka turi, mu mata muka koma gindin wata kalgo. Wani dattijon Bafulatani da ya fito daga Fakku, wanda aka yafe wa turin saboda shekaru, ya dubi kayana ya tambaye ni ina zuwa. Na ce Jamus. Ya auna sunan a bakinsa.

"Gaba da Kwantagora ne?"

Na ce gaba kaɗan.

"Akwai ciyawa?"

Na ce in na dawo zan faɗa masa. Ban sake ganinsa ba, amma in wani ya san shi ya gaya masa akwai, har ta yi musu yawa, na ga suna aske ta da inji suna zubarwa.

Daga Tambuwal na shiga mota zuwa Sakkwato, daga can zuwa Kano, inda na hau jirgi. Jirgin Makka kowa ya san kowa, ana addu'a ana miƙa goro. Wannan kuwa na zauna kusa da wani Bature, na yi masa sannu, ya dube ni kamar na taka shi, ya ci gaba da karanta jarida. Da aka kawo abinci na tambayi yarinyar da ke rabo ko naman mene ne. Ta faɗi wani suna da ba na cikin Turancin da nake koyarwa. Na ci burodin na mayar mata da saura.

A filin jirginsu ne aka fara sanina. Ina cikin layi sai ga wani ma'aikaci da ƙaton kare. Karen ya wuce akwatunan mutane duka, ya zo gaban jakata ya zauna kamar an yi masa shimfiɗa. Aka kai ni wani ɗaki. Ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya taki biyu, ya ɗaure da kansa ba tare da ya tambayi ko mece ce ba. Kanwa ce ta tsayar da mu. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kankaro garinta a takarda, ya kira babbansa. Babban ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce gishiri ne na matan da suka haihu. Suka kalli juna. Da na ga abin zai yi tsawo sai na gutsuri kaɗan na lasa a gabansu. Suka tsaya suna jira su ga abin da zai same ni. Da ba abin da ya same ni, suka ɗiga mata wani ruwa, suka mayar min da abata. Ganyen darbejiya suka riƙe, da kilishin, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. A duk kayan abin da ya fi daɗi shi ne ya zama haɗari ga lafiyar Jamus.

Bello na waje yana jira. Ya rame, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Yana ganina ya durƙusa a tsakiyar mutane yana gaishe ni, yana tambayar Malam da Inna da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Turawa suna kewaye shi da akwatunansu. A nan na san ko me ya lalace a karatun, tarbiyyar tana nan.

Gidansu wani yanki ne a saman bene, ɗakuna ƙanana, ƙofa kullum a kulle. Ba zaure, ba tsakar gida. Mutum zai shekara ba ya sanin sunan wanda bango ɗaya ya raba su. Bello ya ce ran suna wani mahauci Baturke ne ya yanka ragon a wajen gari, baƙin kuma ba su cika tabarma ɗaya ba. Jaririn lafiya lau, da kunnuwan Malam sak. Rabi ce ba ta yi min ba. Ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ta yi suntum, tana fama da ciwon kai.

Da gari ya waye na jiƙa kanwa, na ɗora ruwa. Bello ya leƙo kicin da jakarsa a hannu.

"Yaya, mi kika damawa?"

"Kunu."

"Da kanwa?"

"A'a, da ƙanƙara."

Ya ajiye jakar. Ya ce jinin Rabi ya hau bayan haihuwa, asibiti sun ɗora ta a kan magani, kuma kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji ba za ta ɗauka ba. Tafasasshen ruwan wanka ma ya ce a'a.

"Da kanwar nan anka yi jegonka," na ce masa. "Ga ka nan tsaye kana gardama."

"Na sani, Yaya. Kin tuna Gwaggo Mairo?"

Na tuna ta. Ƙanwar Malam ce. Bayan haihuwarta ta ƙarshe ta kumbura, numfashi ya gagare ta, aka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara mata kanwa da wuta. Ba ta ga arba'in ba. Daga nan ban ƙara yi masa magana ba har ya dawo da yamma. Na ratso caɓi, na tsaya gaban kare, na lashi kanwa a gaban hukuma, sannan yaron da na goya ya ce in zubar.

Rabi ce ta raba mu. Ta kira ni ɗaki ta yi ƙasa da murya. "Yaya, ki dama min da tsamiya. In anka tambaye ni gida in ce na sha kunu, ban yi ƙarya ba." Haka aka yi. Wanka kuma muka daidaita a kan ruwan da hannuna zai iya zama a ciki. A Kebbe wannan ruwan alwala ne, amma safe da yamma ban fasa ba.

Ran Lahadi na ɗauko turmi zan daka yaji. Ban yi nisa ba aka buga ƙofa. Wata tsohuwa ce da ke zaune a ƙasanmu, ta hawo da sandarta tana faɗa. Rabi ta fassara min: wai ran Lahadi ba a ƙara a ƙasar nan, ko ƙusa ba a bugawa, ita kuma tana zaune fitilar ɗakinta ta fara rawa. Na ba ta haƙuri. Tana cikin faɗan ta hango turmin, ta ce a miƙo mata taɓaryar. Ta daka sau biyu, yajin ya tashi, ta yi ta atishawa har sai da muka zaunar da ita. A zaunen ta ga jariri. Daga ranar kusan kullum sai ta hawo da ɗan kek, ta karɓe shi ta yi ta yi masa waƙa. Ɗanta guda, yana wani gari, sai lokacin bikinsu na ƙarshen shekara yake leƙo ta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma yadda take kallon ƙofa in ta ji takun namiji a matakala na san kallon, na bar irinsa a Kebbe.

Abincinsu ba zan tsawaita ba. Burodinsu baƙi ne mai tauri, dankali kuma safe da rana. Suna da kabeji da suke bari ya yi tsami da gangan, da cuku da suke bari ya yi fumfuna da gangan, kuma wanda ya fi lalacewa shi ya fi daraja. Ruwan sha in ba ka yi magana ba mai gas za a ba ka. Daddawar Inna ce ta riƙe ni.

Da jikin Rabi ya fara sauƙi na ce wa Bello lokaci ya yi da zan ga wurin aikin. Ya kai ni wani dogon gini, ya sa min farar riga a kan mayafina. Ɗaki na farko da muka shiga firji ne, amma firjin da mutum ke shiga ya rufo ƙofa. A ciki yake wuni, da rigar sanyi, a ƙasar da ko waje sanyi ne. Kan teburi ga injin markaɗe, ga jan nama a kwano.

"Naman mi ne wannan?"

"Zomo."

Na tsaya ina kallonsa. Ɗan Malam, wanda gwamnati ta tura ya zama likita, shekara da shekaru yana markaɗa zomo a cikin firji. Na fara shirya yadda zan faɗi wannan a zaure.

Ya ga fuskata, ya fito da ni waje inda hanci zai narke, ya jawo min kujera.

"Yaya, zuciya nama ce, ko? To naman nan ƙwayoyi ne ƙanana da ido bai gani, kowace da katangarta, jikin katangar kuma akwai ƙofofi. In sun buɗe sai wani sinadari ya shiga, kalsiyam, wanda ke cikin nono da ƙashi, sai naman ya matse. In sun rufe ya saki. Bugun zuciya ke nan. Jijiyar jini ma haka take. In ƙofofinta sun cika buɗewa sai ta tsuke, jini ya hau. Ƙwayar da Rabi ke sha tokare ƙofofin nan take yi."

Na ga abin da ƙwayar ta yi wa Rabi da idona, don haka na gyara zama. "Kai ka yi ta?"

"A'a. Waɗanda sunka yi ta ba su taɓa ganin ƙofar ba. Kamar tela ne ya ɗinka riga bai ga mai ita ba. Ta shiga, amma tana matsa wani wuri, shi ya sa wasu in sun sha sai kai ya sara ko ƙafa ta kumbura. Ni awo nika ɗauka. In an san siffar ƙofar, sai a yi maganin da ya zauna mata daidai."

Zomon kuma, wai cinyarsa ta fi kowane nama yawan irin ƙofofin. Na tambayi inda sauran naman ke zuwa. Ya ce zubarwa ake yi. Wannan har yau bai kwanta min ba.

Ya kai ni wurin wata na'ura mai tsayin rumbu wadda ke ƙara wa abu girma, ya fito da hoton da ya ce shi ne mafi kyau da ya samu. Na juya shi ta kowane gefe. In ƙosai ya faɗa toka aka ɗauke shi hoto daga nesa, to shi ne. Bello na tsaye yana kallonsa yadda bai kalli ɗansa ba.

Muna nan shugabarsu ta shigo, wata dattijuwar farfesa mai askin maza, wadda da keke take zuwa aiki. Da ta ji ni ce yayarsa sai ta ja ni ofishinta, ta dinga sauko da mujallun masana daga kanta. Ta ce kafin Bello duk wanda ya yi ƙoƙarin ciro ƙofar daga nama sai ta farfashe a hannunsa. Shi ya yi ta gwaji har ya sami hanyar fito da ita ɗungurungum. Ta buɗe ƙarshen wani rubutu daga Amurka, wani daga Japan, inda marubuta ke jera sunayen waɗanda suka ɗauko ilmi daga gare su. Ta sa yatsa. Ga sunan ƙanena, da sunan garinmu manne da shi, a tsakiyar sunayen da ba zan iya furtawa ba. Akwai ma wani saurayi da aka turo daga Japan musamman don ya koyi hanyar a hannunsa. Da aka ce masa ga yayar malaminsa, ya sunkuya har sai da na ce ya isa.

A jirgin ƙasa muna komawa gida na isar da saƙon Malam, kalma da kalma. Bello ya juyo daga taga ya dube ni.

"Hannun nashi ya yi tsanani?"

Na ce ɗalibi ke buɗe masa shafi yanzu.

"In na koma, Yaya, ba firjin, ba na'urar, ba wutar da za ta riƙe su. Sai in koyar da abin da wasu sunka gano. Ba aibi ba ne. Amma na kusa ganin ta sosai."

"Kusa kamar yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila ni, wataƙila wanda zai zo bayana." Ya share fuska da hannu. "In Malam ya ce in taho, zan taho, ba zan ƙara kwana ba. Ke dai ki faɗa mai abin da kinka gani."

Da ya yi gardama da ya fi min sauƙi. Ina son ƙanena ya dawo. Ina son Malam ya ga takwaransa tun yana iya ɗaukarsa. Kuma na san kalma biyu daga bakina sun isa. Da wannan na ƙarasa zamana, da shi na hau jirgi bayan an yi arba'in, Rabi ta murmure har tana saɓa goyo tana sauka bene da kanta.

Ban tsaya Tambuwal ba, na wuce Kebbe. Bayan la'asar Malam ya sallami ɗalibai ya ce in shigo. Inna ta zauna a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Na faɗi komai, har zomayen. Na miƙa masa hoton ƙofar da Bello ya ba ni. Ya riƙe shi a juye, ban gyara masa ba don ba bambanci.

"Ya ƙare aikin?"

"Bai ƙare ba, Malam."

"Ya warkar da wani?"

"Da hannunshi, a'a."

Ya ajiye hoton. Na ga Inna ta ɗago kai. A nan zan iya yin shiru, magana ta ƙare. Sai na ji bakina yana ba da labarin mujallun, da saurayin Japan.

Malam ya buɗe ido. "Suna ɗauka daga gare shi?"

"Suna ɗauka."

"In sun ɗauka suna ambaton sunanshi, su ce daga wane munka ji?"

"Dokarsu ce. Wanda bai ambata ba ɓarawo ne a wurinsu."

"Isnadi ke nan, irin na hadisi," in ji Malam. Ya murza hannun nan na hagu da na dama. "Wanda ake ruwaitowa daga gare shi ba zaman banza shika yi ba. Ki aika mai ki ce na ce shi zauna shi ƙare abin da ya fara. Allah shi yi mai albarka."

Inna ta tashi ta shige ciki. Na bi ta. Na same ta a bakin gado da hoton jaririn a cinya. Ta tambaye ni ko an yi wanka, na ce an yi. Ta tambayi kunu, na ce Rabi ta sha. Ta shafa hoton da yatsa.

"Da kin ce mai zaman banza shika yi," in ji ta, "da yanzu yarona shina bisa hanya."

"Inna, ba zaman banza shika yi ba."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni na haife shi. Cewa dai na yi da kin faɗa."